Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Shugaba Zai Sa Ma'aikata Su Riƙi Aiki da Zuciya Ɗaya

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu riƙe da jama'a a wuraren aiki a jihar Kebbi: daraktoci da shugabannin sassa, hedimastoci, masu kula da asibitocin karkara, manajojin injinan casar shinkafa, har da mai shagon da yaransa ba su wuce biyar ba. Kukan kusan iri ɗaya ne. Mutane suna zuwa, suna sa hannu a rajista, amma aiki ba ya tafiya. Ra'ayina, wanda za a ga ya ratsa amsoshin nan, shi ne mafi yawan abin da ke kashe wa ma'aikaci gwiwa yana hannun wanda ke samansa kai tsaye.

Mutum yana zuwa a kan lokaci, yana tashi a kan lokaci. Me kuma ake nema a wurinsa?

Zuwa daban, aiki daban. A ɗauki akawu biyu a ofis ɗaya. Wata tsohuwa ta taso daga Bunza tana bin haƙƙin mijinta da ya rasu, sai aka tarar fayil ɗin bai cika ba. Na farko zai ce, "Mama, ki dawo mako mai zuwa," ya koma kan wayarsa. Bai karya wata doka ba. Na biyun zai buɗe fayil ɗin, ya ga takarda ɗaya ce tal ta rage, ya faɗa mata sunanta da ofishin da ake karɓarta, ya rubuta mata a 'yar takarda don kada ta manta, saboda ya san kuɗin motar da ta kashe kafin ta iso Birnin Kebbi. Albashinsu ɗaya, matakinsu ɗaya. Abin da na biyun ya ƙara, babu takardar umurnin da za ta tilasta masa shi. Wannan ƙarin ake nema.

Kamfanin Gallup na Amurka, mai binciken ra'ayin jama'a, yana auna wannan a ƙasashen duniya kowace shekara. Rahotonsa ya nuna a 2024 kashi 21 cikin 100 ne kawai na ma'aikatan duniya suke aiki da irin wannan kishi, bayan a 2023 suna kashi 23. Don haka a daina cewa "halin mutanenmu ne." Tun a 1990 wani masani mai suna William Kahn ya bayyana sharuɗɗa uku da ke sa mutum ya saki jiki ya ba aiki zuciyarsa: ya ga aikin yana da amfani, ya tabbata ba zai cutu ba in ya faɗi abin da ke ransa, sannan yana da ƙarfi da natsuwar yin aikin. Ukun nan duk shugaba yana da hannu a cikinsu.

Ba maganar kuɗi ce kawai ba? In an ƙara albashi ai shi ke nan.

Kuɗi ne farko, kada wani mai lacca ya ruɗe ka. Wanda ya fito ya bar gida babu cefane, jikinsa ne a ofis, hankalinsa yana can. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na abinci suka cinye albashin ƙananan ma'aikata. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a Yulin 2024, gwamnatin Kebbi kuma ta amince da 75,000 a Oktoban waccan shekara. Dokar mafi ƙarancin albashin ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma su ma kasuwa ɗaya suke shiga da kowa.

Akwai abin da masu kamfanoni da makarantun kuɗi suke rainawa, wato ranar biya. Ma'aikacin da ya san kuɗinsa zai shigo ranar 28 ya riga ya yi wa mai shago da mai haya alkawari da wannan ranar. In ka jinkirta ba tare da bayani ba, ka mai da shi maƙaryaci a unguwarsu. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce tsakanin biya da biya kada ya wuce wata ɗaya, hadisin da Ibnu Majah ya ruwaito kuma ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. In dole ta sa za a makara, tara su tun kafin ranar, ka faɗi dalili, ka faɗi sabuwar rana, kuma kada su ga ka sauya mota a cikin wannan watan.

Sai dai albashi yana da iyakar inda yake kaiwa. A 1959 Frederick Herzberg da abokan aikinsa suka tambayi injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh, suka ga abubuwan da ke ɓata wa ma'aikaci rai, kamar albashi da tsarin kamfani da yanayin wurin aiki, daban suke da abubuwan da ke sa shi son aikin, kamar ganin ya cim ma wani abu, a san da ƙoƙarinsa, a danƙa masa nauyi, ya ga yana ci gaba. Masana sun yi ta muhawara kan binciken, amma duk wanda ya taɓa riƙe mutane ya ga alamarsa. Ƙarin albashi yana kashe ƙorafi, murnarsa kuwa ba ta daɗewa. Ofishin da ake wulaƙanta mutane, ko an ninka kuɗi, aikin ganin ido za a ci gaba da yi.

Ni shugaban sashe ne kawai. Albashi ba a hannuna yake ba, ɗaukar aiki ma haka. Me zan iya?

Abin da ke hannunka ya fi yadda kake zato. Binciken Gallup ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na bambancin kishin aiki tsakanin wannan rukuni da wancan yana komawa ne ga shugaban da ke kansu kai tsaye. Shi ya sa za ka ga makarantu biyu a ƙaramar hukuma ɗaya, albashi ɗaya, rashin kujeru iri ɗaya, amma a ɗaya malamai suna aji tun kafin a kaɗa ƙararrawa, a ɗayar kuwa suna gindin bishiya har hantsi.

Fara da abu mafi sauƙi, wanda aka fi tsallakewa: kowa ya san takamaiman abin da ake so ya yi. Cikin tambayoyi 12 da Gallup ke auna ma'aikata da su, ta farko ita ce ko mutum ya san abin da ake jira daga gare shi, ta biyu ko yana da kayan aikin da yake buƙata. Sau nawa ake turo sabon ma'aikaci, a nuna masa kujera, a bar shi nan, babu wanda ya zauna da shi ko na rabin awa? Bayan wata shida sai a ce ba shi da himma, alhali zaman banza aka koya masa.

Sai kuma takardun mutane. Fayil ɗin ƙarin girma, neman hutu, neman izinin ƙaro karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru ko a jami'ar Aliero, duk ta teburinka suke bi. Ba kai ke amincewa ba, gaskiya ne, amma kai ke sa su kwana ko su wuce. Wanda ya ga ogansa ya ɗauki fayil ɗinsa da kansa ya bi masa shi har sama ba ya mantawa. Haka in laifi ya taso daga sashenka, ka tsaya a gaba ka amsa, in ka dawo ku yi gyaranku a cikin gida. Shugaban da ke miƙa ƙaramin ma'aikaci don ya tsira da kujerarsa, daga ranar kowa zai fara aiki yana kare kansa.

A kowane taro ina tambaya ko akwai matsala, kowa ya ce "babu komai, yallaɓai." Daga baya sai abu ya fashe. Me ya sa?

Wannan ita ce babbar tambaya a cikin duka, kuma amsarta ba ta da daɗi: sun auna ne, sun ga shiru ya fi musu riba.

Ga yadda abin ke faruwa. Dare ne a injin casar shinkafa. Yaron da ke tsaye a kan injin ɓare ya ji ƙarar ta sauya, ya ɗebi shinkafar da ke fitowa a tafin hannunsa, ya ga karyayyiya ta yi yawa. Ya san ɗayan biyu ne: ko robar injin ta cinye, ko shansherar ta bushe fiye da kima har ta tsattsage. Abin da ya dace ya tsai da inji ya kira wani. Amma watan jiya abokin aikinsa ya yi haka, aka ce shi ya lalata, aka yanke masa kuɗi. Sai ya watsa shinkafar a buhu, ya karkaɗe hannu, ya yi kamar bai gani ba. Da safe manaja ya tarar da tarin buhunan da ba za su sayu a farashin mai kyau ba, yana faɗa yana cewa me ya sa ba wanda ya gaya masa. Ai shi ya koya musu kada su gaya masa.

Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta ci karo da wannan a asibitocin Amurka cikin shekarun 1990. Ta zaci rukunin ma'aikatan da suka fi kyawun shugabanci za su fi ƙarancin kuskuren ba da magani, sai ta ga su suka fi yawan rahoton kuskure. Dalili kuwa, su ne ba sa tsoron faɗa, sauran ɓoyewa suke yi. Kamfanin Google ma da ya binciki rukunonin ma'aikatansa 180 daga 2012, abin da ya fito a kan gaba cikin sirrin waɗanda suka fi nasara shi ne wannan kwanciyar hankalin yin magana. A masana'antun Toyota kuwa an daɗe da ba kowane lebura ikon jan igiya ya kira shugabansa da zarar ya ga aibi, ko da hakan zai kai ga tsai da layin haɗa mota.

A wurinmu akwai ƙarin nauyi. An tarbiyyantar da mu cewa ƙarami ba ya musu da babba a bainar jama'a, kuma tarbiyya ce mai kyau, ba na son a rushe ta. Abin yi shi ne shugaba ya buɗe wata ƙofar da mutum zai faɗi gaskiya ba tare da ya ji ya yi rashin kunya ba. Kada ka fara faɗin ra'ayinka a taro, domin da zarar ka faɗa, sauran sai "haka ne, ranka ya daɗe." Fara da mafi ƙanƙanta a ɗakin. Daina tambayar "akwai matsala?", ka koma tambayar da ba a amsa ta da a'a: "Malam, cikin aikin nan mene ne ya fi ɓata maka lokaci a makon nan?" Tashi daga kujerarka ka same su inda suke aiki, ɗaya bayan ɗaya, domin abin da mutum ba zai faɗa a gaban mutum goma sha biyar ba zai faɗa maka a bakin sito.

Ranar da wani ya yi ƙarfin hali ya kawo maka labari marar daɗi, ka sani kowa yana kallon fuskarka. Ka yi masa godiya kafin komai. Sannan ka gyara ko da abu ɗaya ne daga cikin abin da aka faɗa, ka sanar cewa daga bakin wane aka ji. In kuma ba zai yiwu ba, ka dawo ka faɗi dalili. Akwatin shawara da ba a buɗewa ya fi rashinsa ɓarna.

In na sake musu fuska, ba za su raina ni ba?

Raini yana zuwa ne daga wuri uku: ka faɗi magana ka saɓa, ka kafa doka ka fara karya ta, ko a gane ba ka san aikin ba kuma ba ka son koya. Gaisuwa da sauraro ba sa cikinsu. Shugaban da ke zuwa ƙarfe goma sha ɗaya yana neman rajistar makara, shi ake yi wa dariya in ya juya baya, komai tsawarsa.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙ, ya lissafa shawara da barin tsanani da adalci cikin ginshiƙan mulki, Alƙur'ani kuma a Ali Imrana aya ta 159 ya haɗa tausasawa da shawara a wuri guda, ya ce da Annabi (SAW) ya kasance mai kaushi da an watse daga gare shi. In an faɗi haka a kan jagorancin al'umma, ina ga ofis mai mutum ashirin?

Matasan da aka ɗora a kan dattawa su fi kula da wannan. Masinjan da ya girmi mahaifinka, ka kira shi Baba, ka riga shi gaisuwa, hakan ba ya rage maka matsayi ko kaɗan. In gyara ya kama, ka kira mutum ofis ka rufe ƙofa. Wanda ka yi wa tsawa a gaban 'ya'yan cikinsa zai yi maka shiru, amma ka rasa shi.

Yabo fa? Wasu in an yabe su sai kansu ya kumbura.

Yabon da ke kumbura kai shi ne na gaba ɗaya, irin "kai ne gwarzonmu." Wanda ke gina mutum shi ne mai nuna abin da aka yi: "Hajiya, yadda kika jera katunan masu awo jiya ya sa layi ya ƙare kafin azahar, na gode." Ta san ka gani, ta san abin da za ta maimaita. Kuma a yi shi da ɗuminsa, kada a jira bikin ƙarshen shekara.

A lura da halin mutum. Wani in ka yabe shi a taro ka jawo masa hassada, ya fi son ka faɗa masa tsakaninku, ko ka sa masa takardar yabo a fayil, wadda za ta yi masa amfani ranar ƙarin girma. Mafi muni shi ne cin guminsa: ƙarami ya kwana yana rubuta rahoto, oga ya kai sama da sunansa shi kaɗai. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba zai sake kwana a kan aikinka ba.

Ana zargina da 'yan gaban goshi, ni kuwa waɗanda ke aiki nake jawowa. Ina laifina?

Mai yiwuwa da gaskiyarka, amma abin da mutane ke gani shi ke aiki a zukatansu. Kebbi jiha ce mai masarautu huɗu, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, da ƙananan hukumomi 21. A ofis ɗaya za ka sami Bahaushe da Bafulatani da Badakkare da Bakambare da Bazabarme, Musulmi da Kirista. In duk tafiya bita Kaduna ko Abuja, mai alawus, mutum uku ne ke zuwa, kuma ukun daga gari ɗaya suke da kai, babu bayanin da zai wanke ka.

Maganinsa a fitar da abin fili. Rubuta jerin wanda ya je da wanda ke biye, ka manna a bango. Haka jadawalin aikin dare, da hutu, da wanda zai tsaya ranar salla ko Kirsimeti. In ƙwarewa ce ta sa aka zaɓi wani, a faɗi ƙwarewar, a kuma faɗi yadda wani zai same ta. Sau da yawa wanda ake cewa ba ya iyawa, ba a taɓa ba shi ba ne.

Abu biyu kuma da nake gani suna rusa wuri da sauri. Na ɗaya ɗan'uwa ko ɗan wani babba da aka kawo da takarda, wanda doka ba ta hawa kansa. In ba ka da ikon hana a kawo shi, kana da ikon sa shi a jadawali kamar kowa. Na biyu 'yan kai rahoto. Shugaban da ke da mai kawo masa gulma yana zaton ya san komai, alhali abin da mutum ɗaya ya ga dama kawai yake ji. Duk wanda ya kawo maka maganar wani, ka ce a kira shi a maimaita a gabansa. Ba za a daɗe ba kasuwar za ta watse.

Da damina ta faɗi, ko lokacin noman rani, rabin ma'aikatana suna gona. Yaya zan yi?

Kada ka yi kamar ba ka sani ba. A jihar da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Banki a Nuwamban 2015, inda fadamun Argungu da Suru da Jega suke ciyar da gidaje, da wuya ka sami ma'aikacin da ba shi da gona, kuma ga da yawansu ita ke cike giɓin albashi. In ka hana a fili, za a yi a ɓoye, yau ciwon kai, gobe rasuwa a ƙauye.

Gara ku zauna tun kafin shuka ku tsara. Wa zai ɗauki hutunsa na shekara lokacin dashe, wa zai ɗauka lokacin girbi, wa zai riƙe wa wani. Sharaɗi ɗaya ne ba a taɓawa: aji ba ya zama babu malami, asibiti ba ya zama babu mai duba marar lafiya. Haka watan azumi da zafin Afrilu, lokacin da rana ke wuce digiri 40. Inda aikin ƙarfi ne, a matsar da mai nauyin zuwa sanyin safiya, a tanadi ruwa da inuwa. Mutumin da aka sassauta wa a lokacin buƙatarsa, shi ne zai tsaya maka ranar da mota ta iso da kaya ƙarfe tara na dare.

Mata ma'aikata suna yawan neman uzuri. Akwai abin da doka ta ce?

Akwai. Dokar ƙwadago ta ba mai ciki hutun mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida tana aiki, mai shayarwa kuma tana da rabin awa sau biyu a rana. Wannan shi ne mafi ƙaranci, kuma haƙƙi ne, kada a riƙa ba da shi kamar alfarma. Jihar da ke neman malamai mata da ungozoma ido rufe ba ta da halin korar waɗanda take da su ta hanyar gori. A taro kuma a lura, mata da yawa ba za su katse namiji ba, sai an kira sunansu an ba su fili. Batun cin zarafi ko neman lalata kuwa, a samar da wata babbar mace da za a iya kai wa ƙara, kuma a hukunta ko wane ne.

An tura mutum ƙauye mai nisa ko inda ake fama da rashin tsaro, ya ƙi zama. Rashin kishi ne?

Kafin ka yanke hukunci, ka je ka kwana biyu a wurin. Tun bayan sace ɗalibai da malamai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a Yunin 2021, babu mai hankalin da zai ce tsoron malami ko ma'aikacin lafiya a wasu yankunan kudancin jihar shagwaɓa ce. Tsaro ba a hannun shugaban sashe yake ba, amma akwai abin da ke hannunsa: ya faɗi gaskiyar halin da wurin ke ciki, ya sa wa'adi bayyananne na zama, ya cika alkawarin sauyi in wa'adin ya cika, ya riƙa kira yana jin lafiyarsu, ya kai kukansu sama a rubuce.

Kuma a daina mai da ƙauye wurin horo. Muddin tura mutum karkara shi ne hukuncin wanda ya saɓa wa oga, to duk wanda ke can zai ɗauki kansa fursuna, mutanen ƙauyen kuma su ne za su sha wahalar fushinsa.

Mun yi bita, mun buga riguna, mun manna taken aiki a bango. Ba abin da ya sauya.

Ba zai sauya ba, in ranar Litinin aka koma gidan jiya. Bita tana da amfani in sana'a ake koyarwa, kamar sarrafa sabon inji ko aiki da kwamfuta, kuma aka ba mutum damar gwada abin da ya koyo. Kishi kuwa ba a ɗauko shi daga otal.

Dubi aikin gayya. Babu albashi, babu rajista, amma matasa suna noma har su yi gasa. Kowa yana ganin inda gonar ta fara da inda za ta ƙare. Mai gona yana ciki da fartanyarsa, ko yana zagayawa da ruwa da fura. Makaɗi yana kiran sunan wanda ya yi zarra. Kowa kuma ya san ranar tasa gayyar za a zo masa. Ka ɗauki waɗannan huɗun ka auna ofishinka da su, za ka ga inda yake yoyo.

Akwai wanda na yi duk wannan amma ya ƙi gyaruwa. In ƙyale shi?

A'a. Ƙyale shi zalunci ne ga masu ƙoƙari, domin su ke ɗaukar kayansa, kuma suna lissafi. Amma bi mataki. Ka fara zama da shi ka ji ko akwai abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya: rashin lafiya, bashi, rigimar gida, ko an ajiye shi a aikin da bai dace da shi ba. Mutum nawa ne aka ce malalaci ne a ofis, da aka mai da shi aikin fita cikin jama'a ya zama wani daban? In ba haka ba ne, ka faɗa masa abin da kake so ya sauya da lokacin da ka ba shi, a gaban shaida. In ya wuce, sai takardar tuhuma, a ba shi damar kare kansa, a bi ƙa'idar aiki har ƙarshe. Korar fushi ba tare da bin ƙa'ida ba tana iya kai ka gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma tana tsorata waɗanda suka rage.

Ni shago gare ni da yara biyar. Wannan duk ba na manyan ofisoshi ba ne?

Naka ya fi sauƙi, domin kullum kuna tare. Yaron shago abu uku yake kallo: ko ana koya masa ciniki na gaskiya ko aike kawai yake yi, ko in kuɗi ya ɓace za a bincika kafin a kira shi ɓarawo, da kuma ko akwai ranar sallama. Faɗa masa shekarun da zai yi da abin da za ka sallame shi da shi, a gaban iyayensa, a rubuta.

Ta yaya zan gane ko abin yana kamawa?

Kada ka auna da yawan gaisuwa da "Allah ya ja zamanin oga." Alamar farko, wadda ke ruɗa shugabanni da yawa, ita ce ƙorafi zai ƙaru. Matsalolin da ake ɓoyewa za su fara isowa teburinka tun suna ƙanana, wannan ci gaba ne. Sannan ka duba ko aiki yana tafiya ranar da ka yi tafiya, ko masu neman a sauya musu wuri daga sashenka sun ragu, ko wani ya taɓa kawo shawarar da ba ka nema ba.

In ma'aikatanka suna da yawa, ka raba 'yar takarda mai tambaya huɗu ko biyar sau biyu a shekara, ba tare da suna ba: na san aikina, ina da kayan aiki, ana jin maganata, ana yi mini adalci. Wani daban ya tattara, kada a gane rubutun hannu. Ka karanta musu sakamakon ko da bai yi maka daɗi ba, ku zaɓi abu ɗaya da za a gyara kafin zagaye na gaba. In ka san ba za ka yi komai a kai ba, kada ka raba takardar.

Wanda kuma ya ajiye aiki, kada ka tambaye shi dalili ranar da zai tafi, domin godiya kawai zai yi maka. Bari ya yi wata guda a sabon wurinsa, ya karɓi haƙƙinsa duka, sannan ka kira shi ka tambaye shi abin da ya kamata a gyara wa waɗanda ya bari.